Karan Dawa a Hannun Umma

Sau huɗu a wata guda Umma ta cire robar hancinta. Robar nan ita ce hanyar abincinta da maganinta tun da haɗiya ta gagare ta. Siririya ce, ta bi ta hanci har ciki, an manne ta a kumatu da filasta. Mayar da ita kuwa ba aikin gida ba ne. Sai an kira motar asibiti, a sauko da tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya daga hawa na biyu a kan kujera, a je a yi zaman jira, sannan a riƙe mata kai a tura wata sabuwa, tana kakari, hawaye na gangarawa cikin kunnuwanta. Ni ce mai riƙe kan. Mu dawo gidanmu a unguwar Harra ta Yamma a nan Madina, in gyara mata kwanciya, in shiga in ɗora ruwan shayi, kafin in fito yatsunta sun fara laluben filastar.

A karo na huɗu, ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa duba ta a gida ta ajiye min wata leda a kan tebur. Safar hannu ce guda biyu, masu kauri, ba su da yatsu, kowace da igiya mai faɗi da ake ɗaurewa a ƙarfen gado. Ta nuna min yadda ake sawa, cikin ladabi, ta ce ba ta ciwo, gidaje da yawa haka suke yi. Na yi mata godiya, na raka ta bakin ƙofa. Tana sauka na wurga ledar saman kabad.

Yayana yana zaune a unguwar Anbariyya da iyalinsa. Duk Juma'a idan an sauko daga masallaci yakan biyo, riƙe da ledar lemo da tuffa, ga matar da rabonta da taunawa an fi shekara. Ni nake shanye su, shi kuma ya samu ladan zumunci. Wannan Juma'ar ya zauna, ya dubi Umma, ya dube ni.

"Ina safar da aka ba ki?"

"Tana nan."

"To ki sa mata mana, ya uhti, ƙanwata. Halas, a wuce wurin. Kina wahalar da ita, kina wahalar da kanki."

"Ga ta can saman kabad, Yaya. Ka fi ni tsawo. Ɗauko ka ɗaure ta."

Bai tashi ba. Ya hau gyaran carbinsa, can ya tambaye ni ko na'urar sanyaya ɗakin tana aiki sosai.

Ya san abin da ya hana ni, don kaka ɗaya ta goya mu. Kakarmu, mahaifiyar Umma, da ƙafa ta zo ƙasar nan. Ta bar wani ƙauye a ƙasar Katsina tana 'yar shekara bakwai ko takwas, a zamanin da Turawa ba su daɗe da shigowa ba, ta iso Madina tana budurwa. Duk abin da ta gani a hanya tana iya ba da labarinsa tana dariya, har da yunwa, ban da abu ɗaya: mutanen da suka riƙa wucewa da igiya a hannu, ana kora su inda za a sayar.  Ko akuyar layya aka ɗaure a gidanmu, sai ta je ta sassauta igiyar. Muka tashi da sanin cewa a gidan nan ba a ɗaure hannun mutum, ko yaro ne ya yi ɓarna. Hannun da ake cewa in ɗaure kuma shi ne ya soya gyaɗa shekara arba'in, ya wanke haramin alhazai, ya yi kitso, har ni da Yaya muka yi karatu. Na ce ba zan yi ba.

Faɗa ba wuya. Sai na zama mai gadin hannuwa. Na yi ritaya daga koyarwa, mijina ya rasu, 'ya'yana duk sun yi aure sai autata, ita kuma tana aiki a wani otal kusa da Harami, ta fita da safe, ta dawo a gajiye. Saura ni da Umma. In zauna a gefen gado in riƙe hannun dama, na hagu ya tashi. In riƙe duka biyun, ta hau fizga tana ɗan kuka. Sallata ta koma ta mai jiran mota. Abinci a tsaye, wanka da ƙofa a buɗe. Akwai ranakun da nake kallon hannuwan nan da haushi sosai, haushin da nake jin kunyarsa yanzu, kuma ba zan ce ban ji shi ba.

Na gwada ba ta abin riƙewa. Carbi ta tsinka shi, na kwana biyu ina tsintar 'ya'yansa a ƙarƙashin gado. Tawul ta ninke sau ɗaya ta ajiye, kamar ta ce to an gama, sai me. Autata ta shigo da kayan wasan yara daga kanti, ƙwallon roba mai laushi da wani faranti mai ƙuraje da ake dannawa suna ƙara. Umma ta juya farantin, ta shinshina, ta miƙa hannu bayan ƙarfen gado ta sake shi ƙasa. Ko sake kallonsa ba ta yi ba.

Wata rana da hantsi na gaji da riƙo, na sake ta, na zauna ina kallo kawai, a shirye in cafke idan ta nufi hanci. A nan na lura ashe ba koyaushe hancin take nufa ba. Hannun hagu ya dunƙule kamar ya riƙe wani abu dogo. Ta kai shi baki, ta ɗan juya kai, ta ja hannun ƙasa a hankali. Sai na dama ya karɓi abin da babu, ya soka a wani abin da babu. Ta sake. A hanyar kai hannu baki ne yatsu ke cin karo da robar, sai su kama ta su ja. Na kalla sau biyar, sau shida. Na san wannan motsin. Rabona da ganinsa tun ina 'yar firamare, kuma ba a hannun Umma na gan shi ba, a hannun Kaka ne. Ɓarar kara take yi.

Kaka ta sha faɗa mana cewa yaran hanya ba sa ɗaukar kayan wasa. Jaki da ƙyar yake ɗaukar hatsi da ruwa. Duk inda ayari ya yada zango, wani wurin damina guda, wani wurin shekara biyu ana noma ko tsinkar auduga a tara guzuri, yara da abin da suka tarar suke wasa. A bakin kogi su yi shanun laka da tukwane ƙanana kamar kan babban yatsa. Idan an yanka akuya, 'yan mata su yi rububin ƙashin ƙafa, a manna masa danƙo a kai, a yi masa kitso da zare, ya zama 'yar tsana. Amma babban abu shi ne karan dawa bayan girbi. A ɓare ɓawon ya fita sili-sili, a bar totuwa, farin cikin nan mai laushi, a gutsuttsura ta, sai a riƙa soka ɓawon a ciki ana haɗawa. Maza su yi raƙumi da doki da kejin fara. Mata su yi gado da 'yar tsana marar fuska. Da suka ga wani Bature da tabarau a wani gari, kafin la'asar duk yaran zangon sun sa tabarau. Da suka ga jirgin ƙasa a Sudan, aka koma jirgi. Kaka ta iya na maza ta iya na mata, ta ce a hanya ba wanda ke da lokacin raba wa yara wasa. Kuma ba a ba yaro wuƙa, don gida guda wuƙa guda ce, tana kugun maigida. Da haƙori ake yin komai.

Ina yarinya akwai lambuna a gefen gari inda ake shuka dawa a tsakanin itatuwan dabino don dabbobi. Can Kaka ke samo kara. Yanzu wurin duk kwalta ne da benaye. Ta yi min gado, ta yi min raƙumi mai tozo, na karɓa na yi murna ta yini guda. Ban koya ba. Idona yana kan shagunan tsarabar alhazai, inda ake sayar da 'yar kyamarar roba da ake leƙawa a ga hoton Ka'aba. Umma kuwa ban taɓa ganinta da kara a hannu ba, ko sau ɗaya. Daga kasko sai bahon wanki. Ban ma san ta iya ba, ashe tun tana ƙarama abin yana nan ajiye a yatsunta.

Ranar hutun autata na bar mata gadi, na tari tasi zuwa kasuwar tumaki. Na bi layin masu ciyawa ina tambaya da Larabci, ana nuna min gaba, har na ji wani dattijo yana faɗa a waya da Hausa, irin ta mutanen Cadi. Na tsaya har ya gama, na yi masa sallama da Hausa, na ce karan dawa nake nema.

"Akwai, Hajiya. Tumaki nawa gare ki?"

"Ba tunkiya. Na uwata ne."

Ya tsaya yana kallona. Na yi masa bayani. Ban kai ƙarshe ba ya fashe da dariya, ya ce shi ma ya yi mota da kara yana yaro, har da direba a ciki. Ya ce busasshe dai ba sa ajiyewa, dabba ɗanye take so. Ya zaɓo min masu kauri, ya sassare ganyen, ya ɗaure dami guda, ya kai min har bakin tasi. Direban ya ga dami ya fara ƙunƙuni a kan kujerarsa, na ce masa ya buɗe but ya rufe baki.

Ɗoki ya sa na yi wauta. Ina isa gida na yanko gaɓa ɗaya ɗanya na sa mata a hannu. Ta shinshina, fuskarta ta saki, ta kai baki ta hau tsotsa. Ruwan karan ya bi ta inda bai kamata ba, ta ƙware, ta yi tari har idanunta suka firfito. Ni da autata muka tashe ta zaune muna buga mata baya. Da ta lafa, autata ta dube ni ta ce, da Larabci kamar kullum, "Ya Mama, kashe ta za ki yi da ciyawar nan?"  Na kwashe damin na hau da shi soro, na baza a tsakanin tankunan ruwa. Kwana goma sha biyu yana shan ranar Madina. Matar hawa na uku ta tare ni a matakala ta tambaya ko akuya na fara kiwo a sama, in gaya mata tun da wuri.

Da ya bushe na sauko da shi, na sake yin wata wautar, ta malaman makaranta. Na ɗauko wuƙar kicin na fere ɓawon, na yanka shi daidai wa daida, na yayyanka totuwa, na jera komai a faranti, dogaye a gefe, gajeru a gefe. Na ɗora mata a cinya ina jiran yabo. Ta ɗauki sili ɗaya, ta shafa bakinsa da babban yatsa, ta gwada soka shi a totuwa. Totuwar ta dare biyu. Ta gwada wani, haka. Sai ta sa bayan hannu ta ture farantin. Ni ban san cewa wuƙa tana fitar da ɓawo da kauri ɗaya daga sama har ƙasa ba, bakinsa a dakushe, ga naman totuwa manne a cikinsa. Wanda aka ja da haƙori shi ne yake tafiya yana sirancewa har ya ƙare da tsini.

Akwai gaɓa ɗaya da ban taɓa ba, tana kan zanin gado. Ta lalubo ta. Ta riƙe da hagu, ta kai baki, ta juya kai kamar yadda ta yi wata da watanni tana yi da iska. Dasashinta ya zame a kan karan. Ta sake, ya zame. Umma ba ta da haƙori ko ɗaya, na roban ma mun daina sa mata tun da aka sa robar hanci. Ta gwada na uku, sannan ta sauke hannu ta dubi karan, ta ɗago ta dube ni. An daɗe ba ta dube ni haka ba, kallon mai son wani abu a wurin mutum. Ta miƙo min.

"Ɓare," ta ce.

Haƙoran gabana biyu na likita ne, kuma na san zaman da na yi kafin a kafa su. Na kai karan gefen baki, na kama bakin ɓawon da na Allah, na ja. Ƙura da ɗaci suka cika min baki, gefen ɓawon ya tsaga min leɓe. Amma ya taho, dogo, ya ɗan lanƙwashe, ya ƙare da tsini a wajen gaɓa. Ta karɓa, ta taɓa tsinin. Ta gutsuri totuwa da farce ta soka. Ya shiga lafiya. Ta miƙo min hannu, ba tare da ta ɗago ba, tana jiran na biyu.

Kafin azahar, ta gama haɗa gado. Tsawonsa bai kai tafin hannuna ba, ƙafa huɗu, da makari a wajen kai, da sili bakwai a jere inda ake shimfiɗa. Yatsun da ba sa iya riƙe cokali su ne suka auna komai, ba wanda ya fi wani tsawo. Na ɗauka ina juyawa, na ji kuka ya taho min, na shiga kicin na yi abina na wanke fuska. Da na fito ta riga ta manta da gadon, ta kama wata totuwa.

Sati bakwai robar hancinta ba ta motsa ba. Taga ta cika da gadaje da raƙuma, da 'yan tsana marasa fuska da take naɗa musu zaren da ta zare daga bakin bargo, da wani dogon abu mai ƙafafu da yawa da na daɗe ban gane ba sai da autata ta ce jirgin ƙasa ne. Abin da ta gama ba ya gabanta. Idan na nuna mata raƙumin jiya sai ta kalle shi kamar na wani ne. Na koma wurin dattijon nan sau biyu, har ya fara ajiye min kara a rana tun kafin in zo.

Wata Juma'a Yaya ya shigo da ledarsa ya tarar tana lanƙwasa ɓawo tana yin zobe biyu. Ta haɗa su da guntuwar totuwa, ta sa musu hannaye, ta yafito shi. Ya sunkuya, ta maƙala masa a fuska. Dattijo mai furfura a gemu, mai jikoki, ya zauna da tabarau na kara a karkace a kan hanci, ya kasa cirewa. Ya yi kusan awa a haka. Na ga idonsa ya kawo ruwa, na ƙyale shi, ban tsokane shi ba sai da zai tafi, na ce ya bar su a nan kada 'yan sanda su tsayar da shi.

Kada a ɗauka na huta. Zuciyata ce ta huta, jikina bai huta ba. Ta fi ni sauri, ina ɓarewa tana ƙarar da su, kuma da zarar sili ya ƙare hannu zai nufi baki. Muƙamuƙina ya riƙa ciwo, leɓɓana suka tsattsage, shayi mai zafi ya gagare ni. Autata ta gwada taya ni sau ɗaya, ta ja rabin sili, ta tofar, ta ce, "La, la, ma agdar," wato ba za ta iya ba, ta gudu wanke baki. Ko na ɓare da yawa na tara, ba na iya barin Umma ita kaɗai da su. Gefen ɓawon kara reza ne, tsininsa kuma allura, ga ido, ga totuwar da za ta iya kaiwa baki. Gadin dai bai canja ba, sai dai yanzu ina gadi ina tauna. Duk da haka na gode wa Allah, don ledar nan tana saman kabad tana tara ƙura.

Ranar da abin ya faru ba wani abu na musamman. Na yi azahar, na ba ta abincinta ta roba, na zauna a ƙasa na jingina da gado ina ɓara. Na tuna na ce bari in ɗora kaina a bakin katifa minti ɗaya. Sanyin wani abu a kumatuna ne ya tashe ni. Zanin gado ya jiƙe da jini. Ɓawo ya yanke ta tsakanin babban yatsa da manuni, yanka ba wani mai zurfi ba, amma Umma tana shan maganin tsinka jini, kuma ban san tsawon lokacin da na yi ina barci ba. Ita ko a jikinta. Tana nan tana kafa wa raƙumi ƙafa ta huɗu, raƙumin ya yi ja, hannun rigarta ya yi ja. Na danne wurin da tawul, tawul ya jiƙe, na sake wani, ina kiran motar asibiti da hannu ɗaya, ina kiran sunan Allah.

A asibiti suka tsayar da jinin, suka naɗe hannun. Likitan bai yi min faɗa ba, da ya yi ma da ya fi min sauƙi. Ya ce dai kada a sake barin abu mai kaifi kusa da ita, wani karon ba lalle a iso da wuri ba. Yaya ya zo ya same mu a can, ya maido mu gida. Ya hau soro da kansa ya kwashe sauran karan ya zuba a motarsa. Na tsaya a taga ina kallonsa. Na so in yi masa masifa, na nemi ƙarfin na rasa, kuma na san gaskiyarsa ce. Amma na riga na ɓoye gaɓa uku a kicin. Washegari na ɓare su, na goge gefunan da abin goge farce, na dakushe tsinin, na ba ta. Ta gwada, ya ƙi shiga totuwa. Ta sake shi ya faɗi.

Muka koma inda muka fito. Hannun hagu ya riƙe abin da babu, ya nufi baki. Na kama. Na dama mai bandeji ya tashi. Na kama. Kwana uku muka yi a haka, ban san na yi barcin awa biyu a haɗe ba. Na ƙona tukunya, na sa gishiri a shayi, na yi wa autata tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba har ta fita aiki tana kuka. A rana ta huɗu da safe na shiga ban ɗaki. Ban daɗe ba, wallahi ban daɗe ba. Na fito na tarar da robar a kan ƙirjinta.

Wannan karon hancin ya kumbura. A asibiti sau uku suna turawa tana ƙin shiga, jini na biyo ta. Ina riƙe da kanta da hannu biyu, tana ihun da ban taɓa jin ta yi ba, tana neman kama hannuna, ni kuma ina danne ta. A nan na gane cewa ni ma ɗaure ta nake yi, sau biyar ke nan, da hannuna, kuma nawa ya fi igiya ciwo. Da aka gama ta yi laƙwas, ko motsi ba ta yi ba har muka iso gida.

Azahar ta wuce lokacin da na kwantar da ita. Na jawo kujera na hau, na ɗauko ledar, na kakkaɓe. Na zauna a gefen gado na fito da safar guda ɗaya, na warware igiyar, na zura ta a ƙarfe kamar yadda aka nuna min. Daga nan na kasa gaba. Na riƙe abin a cinya ina kallon bango. Ban san hawaye nake yi ba sai da suka ɗiga a kan safar.

"Ke ce?"

Na juyo. Idonta a buɗe, a kaina, kuma a sarari yake, irin na da.

"Ni ce, Umma."

"Kin rame."

Ta dubi safar da ke cinyata, ta bi igiyar da ido har ƙarfen gado. Ta daɗe tana kallo. Ita 'yar Kaka ce ta cikinta, ta fi ni jin labaran hanya, kuma na ga ta gane ko mene ne. Na buɗe baki in ba ta haƙuri. Sai ta ɗago hannuwanta biyu, mai bandejin da ɗayan, ta haɗa su ta miƙo min.

"Ɗaure, 'yar nan," ta ce. "Ki je ki kwanta."

Na sa mata ta dama, na sa ta hagu. Na ɗaure igiyoyin, na zura yatsa biyu a ƙarƙashi na tabbatar ba su matse ba. Kafin in gama ta lumshe ido, da ta sake buɗewa kuma ba ta san ni ba. Na shimfiɗa tabarma a ƙasa kusa da gadon na kwanta. Ban farka ba sai da aka kira magariba, la'asar ta wuce ni, kuma ba zan yi ƙarya ba, barcin ya yi min daɗi.